Ranar da Sunan Yaya Ya Bayyana Bayan Mun Binne Shi

Na manta abubuwa da yawa na shekarar da muka rasa yayanmu, har da fuskokin waɗanda suka zo gaisuwa. Amma abin da ya faru a ofishinsa na Tudun Wada zai bi ni har kabari.

Mu uku ne maza a wurin Inna. Yaya yana aiki a wani ofishin harkar noma, ni ina koyarwa a firamare a Ƙafin Maiyaki, autanmu kuma yana karatu a ƙasar waje. A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin da ofishin su Yaya ya samu kwamfuta da layin waya, abin da a duk yankinmu sai ka bincika kafin ka gani.

Akwai wata manhajar hira da wasu mutane a can waje suka rubuta, suka bar cikinta a buɗe, kowa ya duba ya gyara. Ka rubuta magana, nan take na can ya gani. Sai dai an yi ta ne don wani tsarin kwamfuta daban da na ofishin. Yaya ya ɗauki aniyar sauya ta har ta yi aiki a tasu. Ya ce min kamar ka ɗauki injin niƙa mai lantarki ne ka mayar da shi mai shan gas: niƙan ɗaya ne, amma sai ka bi kowane ƙarfe. Auta yana aiko masa da gyara ta imel, shi yana haɗawa yana gwadawa. Watanni suna yi, ba ta taɓa tashi ba.

Yaya ya rasu a hatsarin mota a dajin Falgore, yana dawowa daga Doguwa. Auta yana tsakiyar jarrabawarsa ta ƙarshe. Inna ta tara mu ta ce kada wanda ya sanar da shi sai ya gama, sannan Kawu ya kira ya ce masa jikin Yaya ne ba daɗi, ya taho gida. Haka ake yi a wurinmu. Ba a jefa wa na nesa labarin mutuwa, musamman wanda ba shi da kowa kusa.

Bayan addu'ar bakwai na je kwaso kayansa. Abokin aikinsa ya ce in tsaya a kunna kwamfutar a gabana, ya kwafe min abin da yake na Yaya. Abin da ba mu sani ba shi ne, don ya huta da rubuta sunansa da kalmar sirri a kowane gwaji, Yaya ya saka su a cikin manhajar, ya sa tana buga waya da kanta da zarar an kunna. Gyaran ƙarshe kuma ya haɗa shi, aka ɗauke wuta bai gwada ba, ya tafi Doguwa.

Da aka kunna, layin ya yi ƙararsa. Sai ga sunan Yaya a kan allo, da alamar yana nan. Kafin in ce komai, rubutu ya fito daga Auta.

"Yaya! Ta tashi! Na ce maka gyarana ne zai yi, ka ce yaro ne ni. Ina ka shige haka? Ya tsohuwarmu?"

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ba tsoron fatalwa ba ne, na san inji ne. Ina ganin yaron nan shi kaɗai a wani ɗaki a ƙasar da ban sani ba, yana murna, kuma duk abin da zai same shi yana ƙarƙashin yatsuna.

Abokin aikin ya ce in rubuta cewa ina lafiya, aiki ne ya yi yawa, mu kashe. Na ce ba zan yi magana da bakin mamaci ba. Ya ce to a zare waya kawai. Amma na san Auta. In sunan ya ɓace ba amsa, zai kira ofishin, kuma duk wanda ya ɗauka ta'aziyya zai fara yi masa.

"Yaya, kana gani kuwa? Ko fushi kake don na fi ka?"

Na nemo haruffan ɗaya bayan ɗaya. Na yi masa sallama, na ce ni ne, ba Yaya ba. Na tambaye shi ko akwai wani kusa da shi.

Na riƙa addu'a kada layin ya yanke, ina kuma tsoron abin da zai fito in bai yanke ba. Can sai Auta ya rubuta cewa Yaya ba ya barin kowa ya zauna a kujerar nan.

"Gaya min kawai, Malam."

Na gaya masa. Na sa ya kira wani ɗan ƙasarmu da ke kusa da ɗakinsa, ban tashi ba sai da mutumin ya rubuto cewa ga shi tare da shi.

Da na koma gida Kiru na durƙusa na faɗa wa Inna. Ta tambaya ko Auta ya yi salati. Na ce ya yi. Ta ce shi ke nan. Auta bai iya zama sauran jarrabawar ba, sai da shekara ta zagayo ya rubuta ta. Bai taɓa ɗora min laifi ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba.

Abin da na koya shi ne, ɓoye wa mutum mutuwar ɗan'uwansa tausayi ne, amma ba a hannunmu yake ba ya ɗore. In ranar ta zo ba shiri, gara ya ji daga bakin nasa, kuma kada a bar shi shi kaɗai.