Yadda Baba Ya Nemi Umma

Wata ranar Lahadi ce a farkon zafi, lokacin da ake fara makon makaranta da Lahadi a Dubai, ina aji biyar, malamarmu ta Turanci, wata Ba'indiya, ta rubuta kalmar woo a allo. Ta ce ma'anarta namiji ya bi mace da daɗin baki da kyauta da naci har ta yarda ta aure shi. Aji ya kwashe da dariya. Sai ta ba mu aikin gida, wai kowa ya tambayo yadda babansa ya nemi mamarsa, ya rubuto kafin Alhamis. Wata 'yar Labanon da ke gefena har ta fara zuba, wai babanta shekara guda ya yi yana kai furanni. Ni kuwa gabana ne ya faɗi.

A falat ɗinmu na unguwar Abu Hail ban taɓa jin Baba ya kira sunan Umma ba. Da safe ya tafi shagonsa na Al Ras, inda yake haɗa wa 'yan Kano kaya, ya dawo a ajiye masa tuwo, ya ce sannu, khalas, shi ke nan. Kwana biyu na kasa zaune na kasa tsaye. Ina shanya a baranda, ina 'yar gala-gala da yaran Sudan a wurin ajiye motoci, tambaya ɗaya ke cina: anya Baba yana son Umma kuwa? Wallahi tsoro nake ji amsar ta zama a'a. Na tari Umma tana yanka albasa, ta nuna mini ƙofa da wuƙar, ta ce, "Marar kunya, yalla, fice mini." Baba kuwa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Abin da ake koya muku ke nan?" Ya koma kan wayarsa.

Allah ya taimake ni Hajiya, kakata ta wajen uwa, ta zo ganin likitan gwiwa, a ɗakinmu take kwana. Da kaka ai ba a kunya. Ina matsa mata ƙafa na jefa tambayar, ta yi dariya har da tari. Ta ce uban nan nawa ko zance bai iya ba. Zai taho gidansu na Gwammaja a Kano a keke, ya tsaya a soro, in Umma ta fito ya sunkuyar da kai ya ce ya gida, shi ke nan magana ta ƙare. Rannan sai ya ji an ce rediyon Hajiya ya mutu, ya karɓa ya gyara. Wani satin ƙyauren banɗaki, sai fitila, sai famfo. "Da abin gyara ya ƙare," in ji Hajiya, "da idona na kama uwarki tana tsinke wa rediyon waya."

Haka na rubuta, na karanta a gaban aji. Wani yaro ya ce ai mutumin bai faɗi komai ba, ko kallonsa ban yi ba. Daga ranar na sa ido a gida. Sai na ga kayanmu ba sa rabo da lalacewa. Umma ta leƙo falo ta ce, "Alhaji, ƙofar kabad ɗin nan fa," ya miƙe da sukundirebansa, aikin minti biyu ya ɗauke shi rabin awa a kicin, ana ta magana ƙasa-ƙasa.

Yanzu ni ma ana nemana. Saƙonni sun cika mini waya, ɗan aike mai babur yana kawo furanni har ofis, kalmomi masu zaƙi sai na zaɓa, amma hankalina ya ƙi kwanciya da kowa. Baba ya rasu shekara biyu ke nan, ni da Umma muna nan a falat ɗin. Ƙofar kabad ta karkace tun watanni, sau biyu ina kiran mai gyara, sau biyu Umma tana sallamarsa daga bakin ƙofa. "Bar ta haka," take cewa. Na daina kiransa, don na gane ba gyaran take jira ba.