Tsayawa a Tsakiyar Aya

Ƙanwata bincike take yi a kan ƙwaƙwalwa. Ba likitar asibiti ba ce, a jami'a take, tana sa wa mutane wata hula mai wayoyi don ta ga yadda magana da tunawa suke gudana a cikin ka. Duk sanda ta zo gida Kibiya sai na tsokane ta, in ce ta sa min hular ko ta gano inda nake yar da makullin babur.

Sai Malam, mahaifinmu, ya faɗi wata rana bayan ya dawo daga ta'aziyya a Rano. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da ya tsufa yana biya wa ɗalibai karatu ya koma ko ruwa ba ya iya nema da baki. Tsorona shi ne in daina jin muryarsa ke nan.

Mu kuma girmamawa ta sa muka ƙara rufe masa baki. Da ya motsa leɓe wani zai yi wuf ya ce, "Ruwa ne, Malam?" Ba ma son a gan shi yana kokawa da kalma. Karatun ɗalibai ma muka mai da shi zauren maƙwabta, wai kada a dame shi.

Da ƙanwata ta iso, ta wuni tana kallonmu, sannan ta ja ni gefe.

"Yaya, abin da aka haddace ana rerawa yakan tsira ko da magana ta tafi," in ji ta. "Ban yi maka alkawari ba. Amma ka karanta masa, ka tsaya a tsakiyar aya kamar ta kakare maka. Kada ka ci gaba."

Raina ya ɓaci. Da furfurata zan zauna gaban Malam ina inda-inda? Amma ta tuna min abin da dukanmu muka sani: Malam bai taɓa jin mai karatu ya kakare bai ɗora masa ba, ko ta bayan katanga ya jiyo.

Da hantsi na zauna a gefen tabarmarsa na fara, na kai tsakiya na tsaya. Shirun ya yi tsawo har Inna, mahaifiyarmu, ta kasa jurewa ta fita. Leɓensa na ta rawa, ni kuma na cije. Can sai ga kalmar ta fito, da nauyi, amma daidai.

Haka muka riƙa yi kullum har aka yi girbi. Ayoyi na zuwa, maganar duniya shiru. Wata safiya na tsaya, ya ɗora min, sannan ya harare ni irin hararar da ya saba.

"Sake," ya ce.

Wannan ba ta cikin ayar. Ina yaro babu kalmar da na tsana kamarta. Na sunkuyar da kai ina hawaye, ina sa wa ƙanwata albarka a zuci, na koma farkon sura na sake.