Me Ya Sa Dije Ta Sa Kwalli?

Damina tara ke nan da muka binne ƙanwata Murja a Batsari. Ta rasu bayan gajeriyar jinya, gero yana fitar da kai, ta bar miji da 'ya'ya uku da wani ɗan littafi mai labarai huɗu. Malamar firamare ce, ban taɓa jin ta kira kanta marubuciya ba. Ni ne babban wanta, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ake kira idan wata magana ta taso a kanta. Ban saba rubutu a jarida ba. Abin da ya sa na yi bana shi ne ɗaya daga cikin labaran nan ya sake tashi a wayoyin matasa, ana ta gardama a kansa, alhali yawancin masu gardamar ba su san wadda ta rubuta shi ba, balle abin da ya jawo mata.

Labarin gajere ne, kafin shayi ya huce ka gama shi. An yi fari a wani ƙauye da ke gefen daji, rijiyoyi suka ƙafe. Wata matar aure mai suna Dije ta je busasshen tafki neman ko da laka ce, ta iske wani mutum zaune a gindin tsamiya, ba shi da inuwa. Aljani ne. Duk ranar da ta ajiye tulunta a gabansa sai ya cika. Ba ya neman komai wurinta sai hira, kuma yana tambayarta abubuwan da ba a taɓa tambayarta ba, kamar launin da ta fi so da abin da take gani a mafarki. Mijinta Ilu mutumin kirki ne, babu inda labarin ya nuna ya cuce ta. Rannan baƙon ya ce zai koma ƙasarsu da ke ƙarƙashin ƙasa, amma idan wani ɗan Adam ya bi shi da ƙafarsa, ba tilas, tafkin ba zai sake bushewa ba. Gari ya waye tafki ya cika maƙil. Ilu ya iske an share tsakar gida, an rufe masa tuwo da faifai, da miyar da ya fi so. A bakin ruwa aka ga takalman Dije a jere. Wata tsohuwa ta ce ta ga wucewarta sanye da zanen aurenta, ta sa kwalli. A nan Murja ta tsaya.

Ta kai labaran Katsina aka buga mata, masu sayar da littattafai suka baza su a kasuwar Batsari da ta Safana. Labarai ukun aka karanta aka wuce. Na Dije ya ƙi kwanciya.

Mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce Dije ta sadaukar da kanta ne don ƙauyensu ya sha ruwa, hujjarsu tuwon nan da ta rufe, don a ganinsu macen da zuciyarta ta bar gida ba ta tsayawa yi wa miji miyar da yake so. Wasu suka ce son baƙon take yi, ruwan dalili ne kawai ta samu, in ba haka ba wa za ta yi wa kwalli? Na ji wannan musu a rumfar mai shayi, na ji shi a ofishin malamai a makarantar da nake koyarwa a Safana. Da aka karanta wa mahaifiyarmu, Inna, ita kuma ta kawo tata. Ta ce macen da ta san ba za ta dawo ba ba ta fita da fuska fayau, ko ina za ta, don haka kwallin ba na kowa ba ne, nata ne. Murja ta yi dariya ta ce wannan ma ya shiga, amma ba a rubuce yake ba.

Da a nan maganar ta tsaya da ba abin tunawa sai nishaɗi. To amma kafin auren Murja wani malamin gona da aka turo Safana daga wata jiha ya neme ta, maganar ba ta yi nisa ba aka sauya masa wurin aiki ya tafi. Wani a kasuwa ya tuna da haka. Baƙo ya zo, ya yi hira, ya tafi. Kafin a ankara an daina cewa Dije, an koma cewa Murja. Mijinta Lawal ɗan kasuwa ne, yana bin kasuwannin ƙauye da motar a-kori-kura yana sayen gyaɗa da dawa, kuma duk inda ya sauka sai ya ga ana kallonsa ana yin shiru. Shi mutum ne marar yawan magana. Bai ce mata komai ba. Kawunsa, Kawu Sale, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya yanke cewa ta je gida tukuna har a zauna.

Ta zo Safana da 'yar jakarta da ƙaramin ɗanta a baya. Ta yi makonni a ɗakin Inna, tana hawa babur zuwa makaranta tana dawowa kamar ba abin da ya faru.

Ranar zaman, bayan la'asar, muka haɗu a zauren gidanmu. Kawu Sale da Lawal a tabarma guda, ni a gefe, Murja daga bakin ƙofar cikin gida. Bayan doguwar gaisuwa Kawu ya ce shi ba tashin hankali ya kawo shi ba. Abu guda yake so. A sake buga littafin, a ƙara layi biyu da za su nuna matar nan don jama'a ta tafi, ba don namiji ba, bakin mutane ya mutu.

Ni a lokacin na ga wannan mafita ce mai sauƙi, na kuma faɗa mata haka.

Ta ce, “Yaya, da na sani da na rubuta tun farko. Na bi Dije har bakin tafki, a nan ta bar ni. Ban san abin da ke ranta ba.”

Kawu ya ce, “Ikon Allah. Ke kika ƙirƙire ta, ki ce ba ki san ranta ba? To wa ya sani?”

“Kawu, ku yi haƙuri. In na ƙara layin nan na yi mata ƙarya. Kuma wanda ya riga ya zarge ni cewa zai yi tsoro ya sa na gyara.”

Sai Lawal, wanda bai buɗe baki ba tun zuwansu, ya ɗago ya ce, “Ni ba ruwana da Dije. Ke nake son ji.”

Ta ce, “To ni ka tambaye ni. Tun da abin nan ya fara kowa Dije yake tambaya.”

Lawal ya juyo gare ta. Ina tsammanin zai ambaci malamin gonan. Bai ambace shi ba. Cewa ya yi, “Kina son komawa ɗakinki?”

“Ina so.”

“To ɗauko mayafinki.”

Kawu Sale ya miƙe ya fita bai yi sallama ba. Har ya koma ga Allah bai sake cin abincin da Murja ta dafa ba, ko da Sallah. Littafin ba a ƙara masa ko wasali ba. Amma ita ma ba ta sake kai wani labari wurin bugawa ba. Ta ci gaba da ƙirƙirar su, tana ba wa ɗalibanta da 'ya'yanta da baki, a nan suke ƙarewa. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce ba ta da wani auren da za ta sake sawa a kasada. Da murmushi ta faɗa, ban san iyakar inda wasan ya tsaya ba.

A shekarun da suka biyo baya na sake karanta labarin sau da yawa, kuma ra'ayina bai tsaya wuri guda ba. Da farko ina tare da masu cewa sadaukarwa ce, ina jin don ƙanwata ce ta rubuta. Daga baya na lura da tambayoyin da baƙon ke yi wa Dije, da yadda Murja ta ba su wuri mai yawa a labarin da bai kai shafi goma ba, na ce marubuci ba ya ɓata wuri haka a banza. Yanzu abin da na fi gamsuwa da shi shi ne an shirya labarin ne yadda kowace hujja ke da kishiya a gefenta. Duk wanda ya ce ya gano amsa, to ya ɗauki tuwon ya ajiye kwallin, ko ya ɗauki kwallin ya ajiye tuwon. Abin da ke sa mutum ya zaɓi ɗaya ba a takardar yake ba. Mazan kasuwa a lokacin abin da suke tsoro suka gani a ciki. Wasu matan kuma, da suka ce Dije na iya son baƙon kuma ta tafi don ƙauyensu a lokaci guda, ba a saurare su ba, don ba amsar da ake nema ba ce.

Murja ba ta ga abin da yankinmu ya zama ba. Ta ji farkonsa, satar shanu nan da can, amma ba ta kai lokacin da manomi zai kalli gonarsa ta wajen Ruma ya ƙyale ta ba, ko lokacin da dangi daga ƙauyuka za su cika gidajen Batsari da 'yan kayansu a buhu. Dajin da ta ɗauko ta sa a labarinta shi ne wanda muke shiga da ƙuruciya ɗiban ɗinya da kanya. Yau ba mai aiken ɗansa can.

Babbar ɗiyarta Zulai, wadda yanzu take kwalejin horar da malamai, ita ta nuna mini abin da ake rubutawa a zauren masu karatu da ke wayarta. Wani ya ɗauki hoton shafukan ya watsa. Na zauna na bi maganganun a hankali, kuma abin da na gani bai yi kama da musun da na sani ba. Kusan babu mai maganar soyayya. A wurin yaran nan mutumin da ya fito daga daji, ya riƙe abin da gari ke buƙata, ya ce sai an ba shi mutum, ba sai an gaya musu ko wane ne ba. Wata yarinya da ta ce daga wajen Darini take ta rubuta cewa kalmar “ba tilas” ita ta fi ba ta haushi, domin abin da 'yan bindiga ke cewa ke nan kullum. Wani saurayi ya yi ƙoƙarin kawo maganar kwallin, aka taso masa, aka ce yana ƙawata abin da bai kamata a ƙawata ba.

Me Murja za ta ce? Na san ba za ta ce sun yi kuskure ba, ba ta taɓa gaya wa mai karatu haka ba. Ina jin za ta karanta maganar yarinyar Darini ta jinjina mata, don hujja ce mai ƙarfi kuma daga rayuwa ta fito. Amma ina jin kuma za ta damu. A zamaninta an takura labarin zuwa zargi. Yau an takura shi zuwa tsoro. Baƙon da ta rubuta yana tambayar mace mafarkinta, kuma yaran da suka tashi a cikin wannan hali ba su da sararin da za su tsaya a kan wannan layin. Ba laifinsu ba ne. Ko za ta iya rubuta irin wannan baƙon a yau, ban sani ba. Wataƙila da ta mayar da shi cikin rijiya ko bisa dutse, ta nisanta shi da daji.

Makon jiya na je Batsari don addu'ar da muke yi mata duk shekara. Lawal ya manyanta, ya rage bin kasuwannin nesa, yana zama a rumfarsa ta hatsi. Bayan an shafa fatiha an watse, muna zaune a ƙofar gida, Zulai ta kawo mana fura. Ta tsuguna ta gaishe mu, sannan ta yi tambayar da nake jin ta daɗe tana riƙe da ita.

“Baba, kai a ganinka, Dije son sa take yi?”

Lawal ya ce, “Ban sani ba. Uwarki ma ta ce ba ta sani ba.”

“Kuma ka yarda?”

Ya juya ludayin a cikin kwano. Ya ce, “Rannan a zauren kawunki, da ta ce mini don jama'a Dije ta tafi, da na fi kowa jin daɗi. Ta san haka sarai. Aurenta na rawa, magana guda za ta tsayar da shi, ta ƙi faɗa don ba ta tabbata ba. To macen da ta ƙi yi mini ƙarya a kan matar da ma babu ita, da ta ce tana son komawa ɗakinta, me zai sa in yi shakka?”

Littafin ya ƙare a kasuwa tun da daɗewa, kuma hotunan da ke yawo a waya ko sunanta babu a jiki. Labaran da ta bayar da baki sun tafi da ita, sai gutsattsarin da yara suka riƙe. Abin da na tabbata ya rage shi ne wannan da mijinta ya faɗa, kuma ɗiyarta ta ji da kunnenta. Allah Ya ji ƙan Murja, Ya haskaka makwancinta, Ya dawo mana da zaman lafiyar da yaranmu za su sake yin musu a kan soyayya.