Ranar da Na Ƙi Durƙusa wa Alhaji

Edita, ina gaisuwa. Ka ɗan ba ni fili a wannan shafi, don abin nan ya daɗe yana cina a rai. A lokacin da ya faru ni ne shugaban 'yan dako a wani babban siton hatsi a Jibiya, can kusa da bakin iyaka. Wake da dabino su shigo daga wajen Maraɗi, masara da garin rogo su fita, mu ne masu saukewa, mu ne masu lodi. Ƙarfi gare ni a lokacin, ga baki, amma bakin nan a cikin 'yan'uwana leburori kawai yake aiki. Da na hango motar maigida ta shigo sai in koma kamar wanda aka ɗinke wa leɓe.

Alhajin da ke da siton ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai a gidansa ba a kai masa mummunan labari, haka na tarar da tsarin. Lebura ya faɗa mini damuwarsa, ni in faɗa wa manaja, wanda ɗan ƙanwar Alhaji ne, shi kuma ya shiga ofis ya tace maganar, ya kai mai daɗin, ya zubar da sauran. In Alhaji ya fito ya ratsa ta cikinmu sai duk mu zube ƙasa. Ya tambayi aiki, mu ce mun gode Allah. Ya ce babu dai wata matsala ko, mu ce babu, ranka ya daɗe. Wanda bayansa ke ciwo ma babu zai ce. Wai ladabi ke nan!

Akwai wani dogon katako da muke jinginawa a jikin gingimari, mu bi ta kansa da buhu a ka. Damina ta ci shi, ya tsage a tsakiya, in ka taka sai ka ji yana lanƙwashewa a ƙarƙashin ƙafarka. Mutanena suka faɗa mini, na faɗa wa manaja, ya ce an ji. Shiru. Na sake tuna masa, ya ce Alhaji ya ce a lallaɓa sai kaya sun yi sauƙi. Da na koma karo na uku sai ya sha toka, ya tambaye ni ko ni zan koya masa aikinsa. Na dawo na ce wa leburori maganarsu ta kai wurin Alhaji, muka naɗe wurin tsagewar da igiya muka ci gaba. Daga nan suka daina kawo mini kukansu. Waƙar da muke yi in ana lodi ta mutu, kowa ya ɗauki buhunsa fuska a murtuke, masu jini a jika suka fara sulalewa zuwa wasu situna. Manaja kuwa kullum cewa yake leburorin zamani ragwaye ne.

A cikinmu akwai wani dattijo ɗan Daddara, Baba muke ce masa, don ya girme mu duka. Kullum a keke yake zuwa, kuma shi ke riga kowa isowa. Iyali ne da shi a wuya, ba shi da wata sana'a sai wannan dakon da ɗan noman damina. Wata ranar kasuwa muna lodin masara a motar wasu mutanen Nijar, ya hau da buhu, ya kai tsakiya, katakon ya karye. Ya faɗo, buhun ya biyo shi ya danne masa cinya. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ƙashin nan.

Alhaji ya fito a gigice yana salati, yana tambayar yadda aka yi ake hawa ruɓaɓɓen katako a gidansa bai sani ba. A gabana manaja ya buɗe baki ya ce babu wanda ya taɓa faɗa masa, tsohon ne da gaggawa, an sha ce masa ya bar ɗaukar kaya ya ƙi. Ya ce a kai shi gida wurin mai ɗori, laifin ba na sito ba ne. Sannan ya kafe ni da ido. Na san abin da ake jira. In an yi ɓarna, shugaban leburori ne zai durƙusa ya ce laifinmu ne, a yi haƙuri, magana ta mutu. In na faɗi haka, an wanke manaja, an tura Baba ƙauye da karyayyiyar ƙafa, gidan da ya yi wa bauta ya zare hannu.

Kowa ya durƙusa, ni na tsaya. Na ƙi lanƙwasa gwiwoyina. Na ce wa Alhaji ƙarya ɗan ƙanwarsa yake yi, na faɗa masa ba sau ɗaya ba, kuma cewa ya yi Alhaji ne ya ce a lallaɓa. Na ce masa babun da muke amsa masa kullum ta tsoro ce, ba ta gaskiya ba, kuma shi ma ya san mutum ba ya faɗin ciwonsa yana tsugune ana kallonsa daga sama. Na ce in aka kai Baba ƙauye a haka, to Allah yana gani. Ko lebura ɗaya bai ɗaga kai ya mara mini baya ba, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Alhaji ya dube ni, sannan ya ce a sa Baba a motarsa a wuce asibiti Katsina.

Washegari aka ce in je in huta. Ka san ta bakin wa? Ta bakin manajan dai! Ko korar ma Alhaji bai iya faɗa mini da kansa ba. Wai na kunyata shi a gaban baƙi. Yayyena suka taso ni a gaba, in ɗauki dattawa mu je ba da haƙuri, matata ta yi kuka har ta gaji. Na ce wallahi ba inda za ni. Na sha wuya, ban ɓoye ba, na yi watanni ina dakon tsinta a tasha kamar sabon shiga. Yanzu ina da 'yar ƙungiyata ta masu lodi. Kafin a taɓa buhun farko sai mun zauna, kowa ya faɗi abin da ke damunsa, kuma in maganar ta mai kaya ce, shi nake kira ya ji da kunnensa. Wasu masu kayan sun guje ni saboda haka, ko a jikina.

Bayan an sallamo Baba na je duba shi Daddara. Ƙafar ta haɗe amma a karkace, da sanda yake tafiya, ya gama dako har abada. Na zauna ina ba shi labarin yadda na tsaya wa Alhaji, har da ɗan alfahari. Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka. Sannan a hankali ya tambaye ni, tun da ashe na iya tsayuwa haka, me ya sa ban yi ba tun yana da ƙafafunsa biyu.

Saboda haka masu gida, ku fito daga ofis ku tambayi ma'aikatanku da kanku, ku ba su damar amsawa ba tare da tsoro ba, kuma ku yi hattara da mutumin da kullum alheri kawai yake kawo muku. Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, in abu zai cutar da ɗayanku, ku faɗa wa mai iko ido da ido tun kafin ya faru, ko da za a ce ba ku da kunya. Har gobe ana cewa in je in ba Alhaji haƙuri, kuma har gobe ba za ni ba. Mutum ɗaya ne ya cancanci haƙurina, wato Baba, na kuwa ba shi a ranar da na je duba shi, ya ce ya yafe. Da na tashi tafiya ya so ya raka ni bakin hanya, ƙafar ta ƙi.