Finjalin da Na Ajiye a Gaban Tsoho Salim

Dutse zuwa Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gidanmu a Limawa, ranar Litinin cikin watan Rajab, shekara biyar da mayar da Dutse hedikwatar jiha. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, ba ziyara ce ta fitar da ni ba. Yayana Haruna na tafi ɗaukowa. Shekara ashirin da bakwai ke nan da ya bi masu tafiya Hajji ta Sudan, ya maƙale a Madina yana yi wa wani Balarabe aikin gonar dabino. Ranar da aka tabbatar ba zai dawo ba aka cire ni daga aji biyar, aka miƙa min fartanyarsa. Duk shekara sai ya aiko da kaset ta hannun alhazai, yana cewa baɗi in Allah ya so.

Inna ta kwanta tun damina. Da muka kai ta asibitin Jahun, likita ya ce a mai da ta gida a yi ta lallaɓawa. Ta kira ni ta ce, "Idi, ka je ka zo min da shi." Na sayar da shanun huɗata biyu, wani ejan a Kano ya buga min bizar Umara.

Fijo muka shiga, mu tara. Direba ya dubi 'yar jakata ya ce, "Alhaji, wannan ce za ta ɗauko tsarabar Makka?"

Na ce, "Tsarabata da ƙafarta za ta zo."

Mun bi ta Gaya. A gadar Wudil 'yan sanda suka tsayar da mu, suka leƙa but, ɗaya ya ce in sa shi a addu'a. Bakwai da rabi muna Kano.

Kano, Jidda, Makka

An ce jirgi ƙarfe goma sha ɗaya, bai tashi ba sai bayan La'asar. Awa huɗu da rabi muna sama. Abincin da aka ba mu a 'yar faranti, in ka ba akuya za ta dube ka. A Jidda mun yi layin awa biyu, wani saurayi da bai kai ɗana ba ya buga min hatimi ko kallona bai yi ba.

Na yi Umara ranar Talata. A kan Ka'aba ba zan ce komai ba, bakina bai kai ba. Kwana ɗaya na yi a wani masauki a unguwar Misfala, mu shida a ɗaki, riyal goma sha biyar kowa.

Madina, Laraba

Bas ta bar Makka takwas na safe. Kilomita ɗari huɗu da 'yan kai, titi sumul, babu rami ko ɗaya, na yi ta nema. Duwatsu baƙaƙe hagu da dama, namu na Dutse sun fi su fara'a. Sau biyu aka duba mana fasfo. Biyu da rabi muka sauka.

A bakin tasha na sami wani mai tasi, Bakari, jikan mutanen Haɗejia, amma a Madina aka haife shi. Hausarsa irin ta kakanni ce. Na nuna masa adireshin bayan kaset, ya ce, "Gonar Tsoho Salim ta wajen Ƙuba? Na san Haruna mai hawan dabino."

Muna tafe aka kira La'asar. Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan. Mai shagon agogo ya yafa wani ƙyalle a kan kaya, ya kama hanyar masallaci, ƙofa a buɗe. Na ce, "Bakari, wa zai tsare masa?" Ya ce, "Wa zai taɓa?" Na yi ta waiwayen shagon har muka sha kwana.

Na tarar da Yaya yana jan ruwa tsakanin bishiyoyi, sanye da farar jallabiya, gemu ya yi fari fat. Ya rungume ni yana sumbatar kumatuna hagu da dama. Na tsaya ƙiƙam kamar turmi, ba a taɓa yi min ba.

Na ce, "Yaya, Inna ba lafiya. Ta ce in zo da kai."

Ya ce, "Ka huta tukuna, Idi. Fasfona yana hannun maigida. Ba a yi wa mutanen nan magana a tsaye."

Alhamis

Bayan Azahar aka shigar da ni ɗakin baƙi. Babu kujera, sai darduma mai laushi da matasai jere da bango. Tsoho Salim ya haura tamanin, siriri, ido ɗaya ya yi yana. Duk wanda ya shigo sai ya sumbaci goshinsa. Ya zaunar da ni a damansa.

Mai zuba gahawa ba bara ba ne, babban ɗansa ne, mai furfura, wanda aka ce yana da manyan motoci. Yana tsaye, buta a hannun hagu, finjali a dama. Bai zauna ba har muka tashi. Na tuna nawa ɗan, da in na ce ya miƙo ruwa sai ya kira ƙaninsa.

Gahawar ba baƙa ba ce, ruwan ɗorawa ce, ɗaci kamar maɗaci, babu sukari, da dabino ake korawa. Kuma 'yar kaɗan ake ɗigawa a gindin finjali. Na ce a raina, ga dukiya ga rowa. Daga baya Yaya ya ce min cika finjali zagi ne, kamar ka ce wa baƙo ya shanye ya ba ka wuri.

Na shanye na miƙa. Ya ƙara. Na shanye na miƙa. Ya ƙara. A wajenmu babba ba ya ba ka abu ka ce a'a. Na ƙirga goma sha ɗaya. Yaya yana can bakin ƙofa yana karkaɗa min hannu, na zaci sauro yake kora. Ashe in ka ƙoshi girgiza finjalin ake yi kafin ka miƙa. Larabawa suna ta kallona da sha'awa, Tsoho ya ce wai bai taɓa ganin mai son gahawarsa kamata ba.

Aka kawo shinkafa da rabin rago a tire guda. Tsoho bai ci ba, yagar nama kawai yake yana turo min gabana. Wanda ya ƙoshi ya tashi abinsa, ba ya jiran kowa. Daga ƙarshe aka zagayo da turaren wuta, kowa ya kanga gemunsa da rigarsa, sai na ga ana neman takalma. Turaren nan shi ne sallama.

Duk wannan bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Na ce, "Yaya, mutumin nan ba ya cewa lafiya?"

"Ba a tambayar baƙo sai ya kwana uku."

"Ni kwana nawa gare ni? Kai ka faɗa masa mana."

"Gobe," in ji shi. Na san goben nan, ina da ita a kaset fiye da goma.

Jumma'a

Cikina ya wuni yana kukan gahawa. Mun yi Jumma'a a Masallacin Annabi, na yi wa Inna addu'a, na yi wa ɗan sandan Wudil ma. Bakari ya zaga da ni cikin gari, ya nuna min wani fili ya ce nan unguwarsu take kafin a faɗaɗa masallaci, gidaje masu tagogin katako da mata ke leƙe ba a ganinsu. Saura ɗai-ɗai. Ya saya min wani burodi mai riɗi da ake dangwalawa a garin yaji da nono, da shayi mai na'ana'a. Wannan kam na yaba.

Da La'asar aka sake kiran mu ɗakin baƙi, har da Bakari. Mutum ya kai goma. Ɗan Tsoho ya miƙo min finjali. Na riga na rantse ba zan ƙara ba, kuma na ji kunyar mayarwa. Sai na karɓa na ajiye a ƙasa gabana, kamar yadda muke ajiye kwanon ruwa.

Kowa ya juyo yana kallon finjalin. Mai buta ya daskare. Tsoho ya gyara zama, ya dube ni da lafiyayyen idon, ya yi magana a hankali.

Na ce, "Me na ɓata kuma?"

Bakari ya matso ya ce, "A nan in baƙo ya ajiye gahawa bai sha ba, yana da buƙata ke nan, ba zai sha ba sai an biya masa. Abin kunya ne ga maigida ta huce a ƙasa. Yana tambaya, me kake so?"

Na dubi Yaya. Ya sunkuyar da kai yana cewa, "Ɗauka ka sha, Idi, ka ce ba ka sani ba ne."

Ban sani ba ɗin, amma yanzu na sani. Na janye hannuna daga finjalin na ce, "Yaya, kai za ka fassara. Ka ce masa uwarmu tana kwance. Ka ce na zo tafiya da kai, ya ba ka fasfonka."

"Bakari ya faɗa."

"Kai nake so ka faɗa da bakinka. Bakari zai gaya min in ka rage."

Ya juya ga Tsoho ya fara. Da ya gama Bakari ya gyaɗa min kai, bai rage ba. Tsoho ya yi magana mai tsawo, yana nuna Yaya da carbi. Yaya bai fassara wannan ba, sai Bakari.

"Ya ce sha gahawarka, an ba ka. Ya ce fasfon yana cikin akwati, kuma Haruna ya san inda makulli yake. Sau uku yana ce masa ya je ya ga mahaifiyarsa, Haruna ne yake cewa dabino ba zai jira ba."

Na ɗauka na shanye. Ta yi sanyi, ɗacinta ya ninka. Na girgiza finjalin har sai da mai buta ya yi dariya.

Da muka fito na ce, "To, Yaya, ashe ba Balarabe ya riƙe ka ba."

Ya ce, "Da me zan shiga gida, Idi? Ba gida, ba mata, ba mota. Wanda ya yi shekara biyu a nan yana komawa da rediyo da haƙorin Makka. Ni hawan dabino na zo da shi daga Dutse, shi har yau nake yi."

Na ce, "Ba ta ce ka zo da mota ba."

Komowa

Takardun fita sun ci kwana biyar. Ɗan Tsoho ne ya yi ta zirga-zirga, shi ya yanki tikiti. Wata biyu aka ba Yaya, dole ya koma kafin lokacin da ake ɗaura wa macen dabino furen namiji. Tsoho ya ba mu kwali biyu na dabinon ajwa, ya sumbaci goshin Yaya, ya ce wai ni in dawo in sha gahawa.

Mun sauka Kano tara na safiyar Alhamis. Muka biyo ta Wudil da Gaya. Da muka hango duwatsu da sabuwar sakatariya sai Yaya ya ce, "Nan ba gonar su Malam Audu ba ce?" Na ce ita ce, yanzu ofis ake nomawa. Ɗaya da kwata muka shiga Limawa.

Mun tarar da Inna a jingine, matata tana ba ta kunu. Yaya ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi gaisuwa. Shi ne ɗan fari, don haka ba ta dube shi ba, ba ta kira sunansa ba. Ni ta fuskanta.

"Idi, kun zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Inna."

"A ba baƙon naka ruwa." Ta miƙo hannu daga cikin bargo. "Ka ce ya matso nan, ba na ji sosai yanzu."

Ya matsa. Ta ɗora hannu a kan gemunsa, har yanzu ni take kallo. Ta ce, "Ya dawo ke nan?"

Yaya ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Ya zo dai, Inna." Maganar wata biyu na bar masa, wannan ma da bakinsa zai faɗa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu muka same ta da rai. Na gode wa Bakari da bai rage min magana ba, da Tsoho Salim da gidansa. Shanu sun tafi, bana kam da fartanya zan yi huɗa, kuma na riga na ware wa Yaya tasa, ko kwana nawa ya yi.