Gwaggo Mai Faci da Zaren Hagu

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe shagon, ko da ruwa ko da iska. Ta share ƙofarta, ta haɗa da ta maƙwabcinta mai gyaran agogo, wanda ya yi shekara da shekaru yana cewa gobe zai sayi tsintsiya. Sannan ta yaye ƙyallen da take rufe keken ɗinki, ta ɗiga masa mai ɗigo uku, ta taka shi haka nan don ta ji muryarsa. In muryar ta yi mata, sai ta yi bismillah ta jawo buhun kayan mutane: wandon da ya fashe a gwiwa, rigar makarantar da aljihunta ya zazzage, labulen da ɓera ya ɗanɗana. Ba ta ɗinka sabo. Shekara arba'in da ɗaya tana gyaran abin da wasu suka ɗinka, shi ya sa duk layin ba wanda ya san ta da wani suna sai Gwaggo Mai Faci.

Asabar ɗin da ta wuce ta rufe shagon, rufewar ƙarshe. Ido ya gaji, ramin allura ya daina ganuwa. Ba a kira 'yan jarida ba, ba a ba ta lambar yabo ba. Ni kuma na ce ba zan yi shiru ba, duk da cewa ko maɓallin riga ban iya sawa daidai ba, kuma a labarin da zan bayar ni ce mai laifi.

Kowa a layin yana da nasa labarin a kanta. Direban motar haya yana ba da na ranar da ta ɗinke masa wando yana tsaye a bayan labule, fasinja cike da mota suna jira. Mai gyaran agogo ya ce ya ga ta warware facin da ta yi sau uku, don kawai zanen furen bai haɗu da ɗan'uwansa ba, alhali mai rigar ma bai lura ba. Nawa labarin a ɗakin bayan shago ya faru.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tabarma biyu, taga ɗaya, da kwandunan auduga a jere jikin bango. Duk Asabar da rana Gwaggo takan tura ƙofar shago ta koma can, ƙawayenta su taru. Akwai Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma ba ta yi ritaya daga gyara wa mutane magana ba. Akwai Nas, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Akwai Rediyo, wadda ba sai na faɗi dalilin sunanta ba. Sai mahaifiyata, da suke kira Siririya. Wanda ya gan ta zai yi dariyar sunan, don Umma ba ta da alaƙa da siranta. Zarenta ne siriri, ba a taɓa samun mai kaɗa kamarsa a ɗakin ba.

Kaɗi suke yi da mazari, su saƙa huluna da safa da ƙananan barguna, Nas ta kwasa ta kai ɗakin bakwaini a asibitin da ta yi aiki. Ta ce fatar bakwaini ba ta son zaren kanti, ta fi samun lafiya da audugar da hannu ya kaɗa. Ɗakin yana da doka ɗaya, Gwaggo ce ta kafa ta tun farko: zaren mutum ɗaya ba ya shiga saƙa. Sai an haɗa naki da na ƙawarki an murɗe su tare sun zama ɗaya. Takan ce haka ya fi ƙwari, kuma ba mai ɗaga hula ta ce "tawa ce."

Shekara uku ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Umma. Allah ya sa ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma yatsun hannun dama suka ƙi. Suna iya riƙe abu, ba sa iya murzawa, kuma da su take murza mazari tun tana 'yar shekara tara. Wata biyar tana zaune a falo tana kallon bango. Likita ya ce mana abin da ya fi ba shi tsoro zaman nan ne, ba hannun ba. Wata rana da kanta ta ɗauki mazari da hagu, ta damƙe audugar da dama, ta fara fama. Da ta tara dunƙule huɗu, ta ce in kai ta ɗakin Asabar. Na yi murnar da ban taɓa yi ba.

Sai aka yi rashin sa'a Gwaggo ba ta nan, ta tafi jinyar 'yarta da ta haihu. Aka karɓi Umma da guɗa. Malama ta ɗauki dunƙulen Umma ta haɗa da nata ta fara murɗawa. Nata ya ƙara tsukewa, na Umma ya saki jiki ya tsinke. Ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Umma ta fita alwala, Malama ta ɗaga zaren wajen hasken taga ta yi salati.

"Kun ga abin da ya faru? Hagu baya take murza mazari. Zarenta ya karkata nan, namu ya karkata can. In aka murɗe su tare, ɗaya na tufka ɗaya na warwara."

"To yanzu wa zai gaya mata?" in ji Nas.

Ni ce na buɗe baki. Na ce kada wanda ya gaya mata. A riƙa karɓar zarenta ana yabawa, a zuba a tsohon gwangwanin madara a bayan kwanduna, a ce mata an sa a saƙa. Na ɗauka tausayi ne. Duk suka yarda, mako uku muna wannan wasan.

Mun manta da abu ɗaya: mai kaɗi ta san zarenta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. A Asabar ta huɗu Rediyo ta miƙa mata wata 'yar hula ta ce, "Siririya, ga aikinki ya yi kyau." Umma ta juya hular, ta shafa, ta kai ta kusa da ido.

"Babu zarena a nan," ta ce.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye hular a hankali ta ce in mayar da ita gida. A mota ta ce, "Ashe na zama yarinyar da ake ba wa tsumma ta yi wasa." Ta sa mazarinta a ƙasan akwati, ta koma falo wajen bangonta. Abinci ma sai an yi da gaske. Na san ni na karya ta, kuma ban san yadda zan gyara ba.

Gwaggo ta dawo ranar Laraba. Kafin Asabar ta gano gwangwanin, allura ta tono garma. Ta tara mu, har da ni.

"Dunƙule goma sha ɗaya," ta ce. "Da hannun da bai saba ba. Kun san gumin da ke cikin nan? Ke kuma 'yata, kin yi boko har kin gaji, ba a koya miki cewa ƙarya ba ta faci ba? Ranar wanki take buɗewa."

"Gwaggo, zaren ne ba ya haɗuwa da na kowa," na ce.

"Ba ya haɗuwa da na dama. Wa ya ce miki ba zai haɗu da na hagu ba?"

Malama ta ce ai da sauƙi, wata ta riƙa murza mazari baya da hannun dama, zaren zai fito irin na Siririya. Gwaggo ta ce ta san wannan tun Malama ba ta san alli ba. "Amma in ban sha wahalar da take sha ba, da wane baki zan ce mata ta daure?"

Washegari da safe, kafin ta buɗe shago, sai ga ta a falonmu da gwangwanin a hammata. Ta zube dunƙulen a gaban Umma, ta gaya mata gaskiya tas, ba ta rage komai ba. Sannan ta zauna a ƙasa, ta ɗauki mazari da hannun hagu. Shekararta sittin da tara a lokacin. Mazarin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera. Ta rarrafa ta ɗauko, ya sake gudu. Umma tana kallo ta gefen ido. Kwana uku ana haka. A rana ta huɗu Gwaggo ta fito da wani zare mai kauri, duk ƙulli, ta ɗaga shi tana alfahari.

"Yaya," in ji Umma, "wannan zare ne ko igiyar ɗaure akuya?"

"Sai ki koya min, uwar iyawa."

"Babban yatsa za ki tura, ba ki ja ba. Miƙo nan ki gani."

Ina kicin na ji dariyarsu. Na jingina da ƙofa na yi kuka mai isata, don rabon da in ji dariyar Umma tun kafin ciwon.

Gwaggo, ke ce kika ƙi yi wa ƙawarki ƙarya a lokacin da mu duka muka ga ƙaryar ta fi sauƙi. Ke ce kika bar hannun da ya ƙware shekara sittin kika koma 'yar koyo, yatsunki suka kumbura, kuma ba ki fasa buɗe shago ƙarfe bakwai ba. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ke kika tanƙwara busasshe bai karye ba. Mai faci, maganin ɓaraka! Kin gyara abin da na yaga da hannuna, ba ki ƙara goranta min ba ko sau ɗaya.

Wata biyu aka ɗauka kafin zaren Gwaggo ya yi sirantar da za a haɗa shi da na Umma. Ranar da za a gwada, duk matan ɗakin Asabar suka matso kusa. Gwaggo ta kama bakin zarenta, Umma ta kama nata, aka haɗa, aka saki mazari. Zaren biyu suka rungumi juna suka kwanta lafiya lau. Nas ta naɗe shi a hannu ta ja da ƙarfinta, bai tsinke ba. Rediyo ta rangaɗa guɗar da ta sa mai gyaran agogo ya shigo a guje yana tambayar wa ya haihu.

Daga zaren nan aka saƙa bargo guda, fari sol. Dunƙule goma sha ɗayan nan duk suna ciki. Wannan karon Nas ta ce ba za ta kai ita kaɗai ba, sai da masu shi. Na kai su asibitin. Ta bayan gilashi muka ga ma'aikaciyar jinya ta lulluɓe wata jaririya da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Umma ta manna goshi da gilashin ta daɗe.

"Ga zarena can," ta ce. "Daga nan ma ina ganinsa."

"Zarenmu dai," in ji Gwaggo. "Doka ba ta canza ba."

Yanzu duk matan ɗakin sun iya kaɗi da hagu, har Malama da ta rantse ba za ta koya ba. Labari ya kai asibiti, likitan gashin ƙashi ya turo musu mata biyu masu irin ciwon Umma. Ɗaya ta fara kawo dunƙulenta, ɗayar har yanzu mazari na guje mata, Gwaggo na rarrafawa tana ɗauko mata.

Ranar rufe shago an sha shayi, an yi addu'a, direba ya sake ba da labarin wandonsa. Da aka koma ɗakin baya, na ga Gwaggo ta ɗauki allura za ta kalmashe bakin wani bargo. Ta lasa zaren, ta kai, ya wuce. Ta sake, ya wuce. Sau biyar. Ta ajiye allurar a cinya, ta yi murmushin da ban so ba, ta ce, "To, aiki ya ƙare." Ban taɓa jin ta faɗi haka ba.

Umma ta matso. Ta damƙe allurar da hannun nan na dama da ba ya murzawa, ta kama zaren da hagu, ta zira shi tashi ɗaya.

"Wane aiki ne ya ƙare? Kaɗi ba ya son ido, yatsa yake so. Allura kuma ga ni. Karɓi, Yaya, bakwaini ba sa jira."

Gwaggo ta karɓa, ta laluba bakin bargon da yatsa, ta ci gaba.

Na gode, Gwaggo. Umma ta gode, jarirai da yawa da ba su san sunanki ba sun gode. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya saka miki da mafificin alheri. Ku kuma masu karatu, in wani naku ya zo muku da zaren da bai dace da na kowa ba, kada ku yi irin tawa, ku yaba a baki ku jefa a gwangwani. Ku gaya masa gaskiya, ku zauna a ƙasa kusa da shi ku koyi irin nasa.

Shago ya rufe, amma ƙofar ɗakin baya a buɗe take duk Asabar. Na sayi mazari nawa. Gwaggo ta shafa zarena na farko, ta miƙa wa Umma, suka haɗa baki suka tambaye ni ina akuyar take.