Kuɗin Fansho da Ragon Hajiya

Shekarun baya, lokacin ina tuƙi a wani kamfani a unguwar Ulaya da ke birnin Riyad, ciwon baya ya kwantar da ni. Kamfanin ya yi haƙuri da ni na 'yan watanni, daga nan suka sallame ni da abin da bai taka kara ya karya ba. Ga iƙama, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, ga neman sabon kafili da zai tsaya min, ga kuɗin ɗaki, ga mutanen gida da suka ɗauka duk wanda yake Saudiyya da tsintsiya yake share riyal.

Muna da ƙungiya ta 'yan gida mazauna Riyad, kowa yana jefa abin da ya sawwaƙa duk wata. Daga ciki ake tallafa wa wanda ya shiga matsi da shinkafa da mai da ɗan abin biyan haya. Sharaɗin ɗaya ne: ya zama mutum ba shi da wata hanyar samu, nan ko gida. Dattijon da ke riƙe da asusun, wani tela da ya daɗe a garin, ya zo har ɗakina ya tambaye ni ko ina da wani abu a gefe. Na ce wallahi babu. Kuma a ranar gaskiya na faɗa.

Ana cikin haka sai wani abokina ya kira ni daga Kaduna. Tare muka yi aiki a masaƙa kafin a rufe ta. Ya ce ko na tuna ɗan abin da ake yanka a albashinmu da sunan fansho, wanda muke ta tsine wa? Ashe kuɗin suna nan kwance da sunan kowa, shi har ya karɓi nasa. Na yi dariya, don ni a zatona sun bi masaƙar kabari. Ƙanena ya yi ta zirga-zirga da takarduna, ni ma ina aika abin da aka nema daga nan, har ranar da kuɗi suka faɗo a asusuna na gida. Ba dukiya ba ce, amma ta isa ta riƙe ni har in miƙe.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, ko yaro ya sani. In je wurin dattijon nan in ce Allah ya kawo min mafita, a ba wani. Amma sai na zama malamin kaina, na zauna ina ba kaina fatawa. Na ce ai waɗannan naira ne, tallafi kuwa da riyal ake bayarwa. Na ce ai guminka na dā ba samu ba ne, ajiya ce. Na ce bari dai wata mai zuwa in faɗa. Wata ya zo, aka kawo kaya, na sa hannu biyu na karɓa, har da ɗan dafe baya don a ga ciwon bai tafi ba. Kai, mutum!

Babbar Sallah ce ta kama ni. Tun rasuwar mahaifinmu, mahaifiyata ba ta sake ganin rago ɗaure a gidanta ba, kullum sai dai maƙwabta su aiko mata da nama. Ga kuɗi a hannu, zuciyata ta ƙi bari in kwanta. Na ce da ƙanena ya samo mata rago na gani na faɗa. Na tsara komai, sai abu ɗaya na manta: ban ce masa ya yi shiru ba. Shi kuwa bawan Allah, don murna, ya tsaya kusa da ragon da sabuwar hula ya ɗau hoto, ya watsa a intanet, ya rubuta cewa ragon Hajiya ne daga Yaya na Saudiyya, har da saka sunana don kar a yi kuskure.

Ranar Sallah da la'asar aka buga min ƙofa. Dattijon ne, da ledar nama a hannu, da katan ɗin kayan wata. Muka yi barka da Sallah, ya zauna a kan tabarma. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, na ga ragon Hajiya. Masha Allah. Allah ya karɓa."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fara kame-kame, ina kawo zancen masaƙa, ina kawo zancen naira. Ya bar ni har na gaji don kaina. Sannan ya ce ba don ya ƙure ni ya zo ba, kuma yi wa uwa layya ba laifi ba ne. Amma akwai wani lebura da ke aikin gini a Dir'iyya, nan gefen gari, ya faɗo ya karye a ƙafa, albashinsa kuma ya maƙale. Tun watannin baya yake zuwa neman taimako, ana ce masa ya ƙara haƙuri, asusu ba zai ɗauki ƙarin mutum ba. Har mai gida ya fitar masa da kaya, yanzu a ɗakin wasu yake raɓe.

"Ɗauki kayan nan," in ji shi. "Kai za ka kai masa, ni rakiya zan yi."

Na ɗauki katan, ciwon bayan ma na manta da shi. Muka same shi a wani ɗan ɗaki mai zafi kamar tanda, ƙafa a miƙe, yana jiƙa busasshen burodi a shayi, ranar Sallah. Dattijon ya dai nuna ni da hannu. Mutumin ya zaci ni ne mai kyautar. Ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yadda ka tuna da ni, Allah ya tuna da kai."

Ya yi ta addu'a, ya haɗa da iyayena da 'ya'yana. Na juya na dubi dattijon ko zai gyara masa zance, sai na ga ya tsura wa bango ido. Dole na tsaya ina cewa amin, ni da na ci rabonsa wata da watanni.

Daga baya na mayar wa asusun abin da na karɓa tun ranar da fansho ya shigo, na kuma samu aiki. Dattijon bai taɓa faɗa wa kowa ba har ya koma gida. Amma kuɗi kawai na iya mayarwa. Kwanakin da mutumin nan ya yi a raɓe da karyayyiyar ƙafa, babu inda zan je in biya su. An zage ni a duniya, an yi min tsawa a gaban jama'a, duk na manta. Addu'ar bawan Allahn nan ce har yau idan ta faɗo min nake jin kunya ta rufe ni.